Kukan Gwiwa Jawabi Ne

A ƙarshen zango na uku na shekarar 2022 hukumar makarantarmu ta shirya wasan ƙwallon ƙafa tsakanin malamai da ɗaliban ajin ƙarshe, kamar yadda aka saba yi kowace shekara kafin a sallami yara. Mu dai rabonmu da buga ƙwallo tun muna karatun difloma, shekara ashirin ke nan, amma da aka ƙirga malamai aka ga saura mutum ɗaya a cika goma sha ɗaya, sai idanu suka dawo kanmu. Muka duba muka ga ba girmanmu ba ne mu noƙe a gaban yaran da kullum muke yi wa huɗuba a kan jarunta, saboda haka muka ari wando da takalmi muka fito.

Kafin a busa usur malamin wasanni ya jera mu a bakin fili ya ce sai mun ɗumama jiki. Ya ce kowa ya riƙe ƙugu, mu tsuguna mu miƙe sau goma. Yin ƙasan da za mu yi sai wuri ya ɗauka, ƙas! ƙas! ƙaras! kai ka ce karan dawa ake kakkaryawa za a hura wuta. Malamin lissafi yana damanmu, nasa gwiwoyin suka amsa. Mataimakin shugaban makaranta yana hagunmu, nasa har da idon sawu. Yara suka kwashe da dariya, har wani ja'iri daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce, “Malam, ko a samo baƙin mai a ɗiga muku?” Mu ma muka yi dariya, domin abin dariyar ne. Aka ci mu huɗu da nema, aka tashi lafiya.

Sai dai dariyar ba ta raka mu har gida ba. Da dare ya raba, iyali sun yi barci, muka fito tsakar gida muka sake tsugunawa mu kaɗai muna kasa kunne. Gwiwar dama ta ce ƙas, ta hagu ta yi wani gurus-gurus kamar an taka tsakuwa. Nan take zuciyarmu ta tafi wurin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Manomi ne ƙaƙƙarfa wanda yakan wuni a sunkuye da fartanya, amma shekaru shida na ƙarshen rayuwarsa a kan buzu ya yi su a zaure, ba ya miƙewa sai an kama shi, ba ya zuwa masallacin ƙofar gida sai a kafaɗar ɗayanmu. Abin da muka fara tunawa game da ciwon nasa kuwa shi ne ƙarar da gwiwoyinsa suke yi in zai tashi. Muka ce a ranmu shi ke nan, gado ya zo, alhali ga 'ya'ya biyar, babbarsu ba ta gama sakandare ba, ga shi kuma sana'armu ta tsayuwa ce a gaban allo.

Mai karatu, in kai ma a gidan Bahaushe ka tashi, ka san cewa tun muna yara maganar ƙarar gaɓoɓi baki biyu gare ta. In Baba ya dawo daga gona ya ci tuwo ya kishingiɗa, yakan kira ɗayanmu ya ce, “Zo ka ja mini yatsu.” Mu bi yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya muna ja, kowanne ya ce ƙas, shi kuwa yana lumshe ido yana sa mana albarka. Har gasa muke yi a ga wanda zai sami goma cif. Tun a lokacin mun lura cewa yatsan da ya yi ƙara ba ya sake yi, ko ka ja shi har ka gaji, sai an jima. To amma in Inna ta kama ɗayanmu yana lanƙwasa yatsun hannunsa don su yi ƙara, sai ta buge hannun ta ce, “Bari! So kake hannunka ya riƙa rawa tun ba ka tsufa ba?” Da muka shiga makarantar ilimi muka karanta Ishmawi, muka tarar an lissafa wannan ɗabi'a cikin abubuwan da aka karhanta a salla. Maganar natsuwa ce a gaban Ubangiji, Malam bai taɓa ce mana don lafiya aka hana ba, amma ƙwaƙwalwar yaro ba ta rarrabe wannan. Muka haɗa hanin Inna da na littafi muka ajiye a wuri ɗaya, muka girma da cewa ƙarar gaɓa ba alheri ba ce.

Da wannan tsohon tsoro muka yanke wa kanmu hukunci, ba mu tambayi kowa ba. Muka ce tunda gwiwa ta fara ƙarewa sai a yi tattalin abin da ya saura, kamar yadda ake tattalin sabulu. Tafiyar ƙasa da muka saba yi daga gida zuwa makaranta, wajen minti ashirin da biyar, muka daina muka koma hawa babur. Masallacin da bai fi taku ɗari uku ba, shi ma sai a babur. Muka roƙi a sauya mana aji daga bene zuwa ƙasa, muka sa aka kawo mana kujera muna koyarwa a zaune kamar alƙali. Har mun fara tunanin sayen 'yar kujerar roba ta salla, alhali kuwa rangwamen da addini ya yi na marasa lafiya ne, mu kuma a lokacin babu inda ke yi mana ciwo.

Cikin wata takwas muka ƙara kilo 9, riguna suka matse. Sa'an nan ne fa gwiwar ta fara ciwo na gaske, musamman in mun daɗe a zaune muka zo tashi. Muka ce ai ga abin da muke gudu ya tabbata. Wani mai kemis a unguwarmu ya riƙa ƙulla mana haɗi a leda, ƙwaya biyar, fari da ja da ruwan ɗorawa, a sha safe da dare. Ranar da muka sha mu ji garau, ranar da muka fasa ciwo ya dawo. Mun yi wata uku a haka, har wata asuba muka tashi kamar ana hura mana wuta a ciki, muka kuma ga bayan gidanmu ya yi baƙi. A asibiti likita ya ce gyambon ciki ne ya fara zubar da jini. Ya zazzage ledar a tebur ya nuna mana Diclofenac da Ibuprofen a haɗe, magunguna biyu masu aiki iri ɗaya, waɗanda yawan shansu kan ci bangon ciki ya kuma taɓa ƙoda. Mun gudu gara mun faɗa gidan zago.

Bayan ciki ya lafa, likitan ya tura mu sashen gashin ƙashi domin a duba gwiwar. Muna shiga wani matashi cikin farar riga ya miƙe ya russuna ya ce, “Malam, ina kwana? Ba ka gane ni ba ko?” Ashe ɗalibinmu ne, mun koyar da shi shekaru goma sha biyu da suka wuce, har muna tuna mun taɓa sa shi tsallen kwaɗo saboda makara. Ya sa muka kwanta, ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe ta, ya danna nan ya danna can, ya ɗaga hoton ƙashin da aka ɗauka ya duba. Sa'an nan ya ce, “Malam, ranar da ka fara jin ƙarar nan, da zafi ta zo?” Muka ce a'a. Ya ce, “Gwiwar ta kumbura?” Muka ce a'a. Ya ce, “Ta taɓa maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko ta sake ka kamar za ka faɗi?” Muka ce ko sau ɗaya. Ya yi murmushi ya ce, “To Malam, ka gafarce ni, lafiyayyar gwiwa ka ɗaure kusan shekara guda. Ciwon da kake ji yanzu na zama ne da nauyi, naman cinyarka ya saki.”

Ranar mu ne ɗalibi. Ya jawo takarda ya zana mana gaɓa. Ya ce inda ƙashi biyu suka haɗu suna motsi, kan kowannensu a lulluɓe yake da guringuntsi, wato farin abin nan mai santsi da muke gwaguya a kan ƙashin kaza. Gaɓar kuma tana cikin wata 'yar jaka a rufe ruf, a cikin jakar akwai ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, wanda a gwiwar mai lafiya bai cika cokalin shayi ba. Shi ne man da Allah Ya ɗiga tun asali, babu bukatar baƙin man da yaron nan ya yi mana tayi. A cikin ruwan akwai iska a narke, kamar yadda take a cikin lemon kwalba kafin a buɗe. In aka ja yatsa ko aka lanƙwasa gaɓa, ƙasusuwan biyu sukan ɗan rabu, wuri ya buɗe farat ɗaya, iskar ta fito ta yi kumfa, sai a ji ƙas. Kafin ta koma ta narke sai an yi kamar minti 20. Da ya faɗi haka sai muka tuna yatsun Baba da ba sa ƙara sau biyu a jere.

Ya ce wannan ita ce ƙara ta farko, kuma ba ta da illa. Ta biyu ita ce ta jijiya. Jijiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi sukan bi ta kan wani tudu na ƙashin, in an motsa sai jijiyar ta goce ta dawo, kamar an ja tsirkiyar baka an saki. An fi jin irin wannan a idon sawu da kafaɗa da ƙugu, kuma bambancinta da ta farko shi ne tana iya maimaituwa a kowane taku. Ta uku ita ce gurus-gurus ɗin da ake ji ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa in ana hawa bene ko ana tashi daga tsuguno. Ita ma ana samunta a gwiwoyin masu lafiya da yawa, har da samari, amma ita ce ya kamata a sa wa ido, domin in ta haɗu da ciwo da kumburi tana iya zama alamar guringuntsi ya fara zaizayewa. Ya ce su a wurinsu ƙara ita kaɗai ba ta isa shaida ba, sai sun ji abin da ya rako ta.

Abin da ya fi girgiza mu a bayaninsa shi ne maganar abincin guringuntsi. Ya ce guringuntsin gaɓa ba shi da hanyar jini, daga ruwan nan mai yauƙi yake samun abincinsa, kuma ba ya samu sosai sai an motsa. In ka taka ya matse kamar soso ya fitar da ruwa, in ka ɗaga ƙafa ya tsotsi sabo. Wato mu da muke tattalin gwiwa kamar sabulu, horon yunwa muke yi mata. Ga kuma tsokar cinya, wadda ita ce ke riƙe ƙoƙon gwiwa a kan hanyarsa, in ta yi rauni sai wahala ta koma kan gaɓar kai tsaye. Game da ƙiba kuwa, wani bincike da aka yi a Amurka a shekarar 2005 ya nuna cewa kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yakan sauke wa gwiwa kamar kilo 4 a kowane taku. Muka lissafa namu kilo 9 muka sami 36, nauyin da ya fi na jarkar 'yan garuwa cike da ruwa, shi muka ɗora wa gwiwar da muke tausayi.

Ya rubuta mana aiki. Tafiyar ƙasa ta minti 30 kwana biyar a mako, wadda in an haɗa ta ta kai minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya gaza. Sa'an nan mu kwanta rigingine mu riƙa ɗaga ƙafa a miƙe, mu zauna a kujera mu tashi ba tare da dafawa ba, mu jingina da bango mu ɗan tsuguna mu ƙirga goma. Ya ce, “Malam, in ta yi ƙara ka ƙyale ta. In ta yi zafi mai tsanani ko ta kumbura, ka dawo.” Muka ce, “Wato ramuwar tsallen kwaɗo ce wannan?” Ya yi dariya ya ce, “Wane ni, Malam!” Makon farko mun sha wuya, cinya ta yi tsami kamar an yi mana duka. Cikin wata huɗu muka zubar da kilo 6, ciwon ya tafi, muka mayar da kujera ofishin malamai muka koma ajinmu na bene. Ƙarar kuwa tana nan daram har gobe.

Halin malami, ba mu tsaya a nan ba. Muka haɗa kai da malamin kimiyya na makarantarmu muka bi diddigin maganar, muka tarar ashe masana sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan 'yar ƙara da muka ɗauka wasan yara. A shekarar 1947 wasu likitoci biyu a Landan suka riƙa jan yatsa suna ɗaukar hoton ƙashi, suka ga wani fili ya bayyana a cikin gaɓar sa'ad da ta yi ƙara, suka ce haihuwar kumfar ce ke kawo sautin. A 1971 masu bincike a Jami'ar Lids ta Ingila suka ce a'a, fashewar kumfar ce. Aka zauna a kan wannan fiye da shekara 40. A 2015 wata tawaga a Jami'ar Albata ta Kanada, ƙarƙashin Farfesa Greg Kawchuk, ta sa hannun mutum a cikin na'urar nan mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, aka ɗaura wa yatsa igiya ana ja a hankali ana ɗaukar hoto mai motsi. Aka ga kumfar ta bayyana daidai lokacin ƙarar, kuma tana nan bayan ƙarar ta wuce. A 2018 kuma wasu masana a Faransa suka yi lissafi suka nuna cewa ko wani sashe na kumfar ne kawai ya rushe, ya isa ya ba da sautin. Duk da saɓanin, sun haɗu a kan cewa maganar iska ce da ruwa, babu ƙashin da ke tsagewa ko yake gugar ɗan'uwansa.

Labarin da ya fi ba mu dariya shi ne na wani likita a Kalifoniya ta Amurka mai suna Donald Unger. Ashe ba Innarmu kaɗai ke buge hannu ba. Shi ma tun yana yaro mahaifiyarsa da gwaggonninsa, daga baya har da surukarsa, suka riƙa gaya masa cewa lanƙwasa yatsu na kawo amosanin gaɓɓai. Sai ya ƙudura zai gwada. Ya riƙa sa yatsun hannunsa na hagu suna ƙara sau biyu ko fiye a kowace rana, ya ƙyale na dama, har shekara 50, wato aƙalla sau 36,500. A 1998 ya rubuta wa wata mujallar likitoci cewa ya duba hannayen biyu, babu amosani a ko ɗaya, babu kuma wani bambanci a tsakaninsu. A 2009 aka ba shi kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa binciken da kan sa mutum dariya sa'an nan ya sa shi tunani. Hannun mutum ɗaya ba ya zama hujja, amma a 2011 an duba hotunan hannayen mutum 215 a Amurka, masu wannan ɗabi'a da marasa ita, aka tarar amosanin bai fi kama masu ɗabi'ar ba. Muka ce lallai sai mun kai wa Inna wannan labari mun tsokane ta. Abin da muka tarar a can shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Inna tana ƙauye a gidan yayanmu, shekarunta sun haura saba'in. Muka je ranar wata Asabar muka same ta a ɗaki a zaune, ƙafafu a miƙe. Muna cikin ba ta labarin likitan Amurka aka kira la'asar, ta yunƙura za ta tashi alwala. Sai muka ga ta juya ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta kama ƙafar gado, ta ciji leɓe, ta yi kusan minti guda kafin ta miƙe. Ba ta ce uffan ba. Muka ce, “Inna, tun yaushe kike haka?” Ta ce, “Kai dai bari, tsufa ne. Wa zan ɗaga wa hankali, kowa da abin da ya dame shi.” Muka roƙe ta ta nuna mana gwiwar. Ta dama ta kumbura suntum, ƙafar ta fara lanƙwashewa kamar baka, in ta motsa ta ka ɗora hannu sai ka ji kamar ana niƙa a dutse. Matar yayanmu ta ce ai ta fi shekara biyu ba ta zuwa suna ko biki. Mu kuwa duk zuwan da muke yi a zaune muke samunta, mu gaishe ta, mu ajiye 'yan kuɗin goro, mu hau babur mu tafi. Mun yi shekara muna jinyar gwiwar da ba ta da komai har muka kwanta asibiti, uwar da ta haife mu kuwa tana rarrafe a ɗaki ba mu sani ba.

Muka kawo ta gari wurin ɗalibin nan namu. Hoto ya nuna guringuntsin ya zaizaye har ƙashi ya kusa haɗuwa da ƙashi. Shi ne amosanin gaɓɓai na zaizayewa, wanda mutanenmu kan kira sanyin ƙashi, su yi ta ƙaho da shafe-shafe kamar yadda aka yi wa Baba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Babu ƙwayar da ke mayar da guringuntsin da ya tafi. In abin ya yi tsanani akan yi aikin sauya gwiwa a manyan asibitocin ƙashi irin na Dala da ke Kano, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin malami nesa ba kusa ba. Amma tsakanin zama a ɗaki da aikin tiyata akwai abubuwa da yawa. Aka koya mata motsa ƙafa daidai ƙarfinta, aka ba ta maganin shafawa maimakon na haɗiya, aka ce ta riƙe sanda a hannun hagu tunda dama ce mai ciwo. Kujerar sallar da muka so saya wa kanmu, ita muka saya wa. Bayan wata biyar ta taka da ƙafarta ta shiga maƙwabta barka. Ɗalibin namu ya ce da an kawo ta shekara biyu da suka wuce, da an rage mata wahala mai yawa. Ba mu sami abin ce masa ba.

Bahaushe ya ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Saboda haka, mai karatu, in gaɓarka ta yi ƙara ita kaɗai, babu zafi babu kumburi, ci gaba da tafiyarka da nomanka da wasanka. In kuwa ƙarar ta zo da ciwo, ko kumburi, ko maƙalewa, ko gwiwar tana sakinka, to je a duba ka, kada ka tsaya wurin mai haɗi. In a filin wasa ko wurin faɗuwa ka ji ƙarar, gwiwa ta cika nan da nan ka kasa takawa, mai yiwuwa jijiya ce ta tsinke. In gaɓa ta yi zafi kamar wuta ga zazzaɓi, wannan ba ya kwana a gida. In yatsun hannu biyu suna tashi a sandare da safe har sa'a guda, wani amosanin ne daban da ke bukatar magani da wuri. Yaro mai sikila kuma in ya fara kukan ƙugu yana ɗingishi, kada a ce rigima ce. Wuya shi ma daban ne, domin hanyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa ta cikin ƙasusuwansa suka bi, don haka kada ka miƙa shi ga mai aski ko aboki ya murɗa maka. Bayan duk wannan, in ka je gaishe da tsohonka ko tsohuwarka kada ka yi sallama sai ka ga yadda suke miƙewa, domin su ba za su faɗa ba.

Ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa an halicci ɗan Adam da gaɓoɓi 360, a wani hadisin kuma cewa kowace safiya akwai sadaka a kan kowace gaɓa, kuma raka'a biyu na walaha suna isar wa mutum. Mun san wannan tun muna samari, amma sai da muka ga Inna tana kama ƙafar gado muka fahimci abin da ake godewa. Yanzu in mun yi ƙasa za mu yi sujada gwiwa ta ce ƙas, hamdala muke yi, domin ta lanƙwasu kuma za ta miƙe.

A 2024 an sake wasan malamai da ɗalibai, wannan karon mu muka kai sunanmu da kanmu. Malamin wasanni ya jera mu, muka tsuguna, wuri ya ɗauka kamar dā, yara suka yi dariyarsu. Muka buga minti ashirin muka fito muna haki, aka ci mu uku da ɗaya. Da dare muka kishingiɗa muka kira autanmu ya ja mana yatsu. Ya sami takwas, ya koma kan babban yatsa yana ja ya ƙi yi, ya ce, “Abba, me ya sa ba ya yi sau biyu?” Muka gaya masa. Sa'an nan muka ce ya kwanta da wuri, gobe Asabar, za mu ƙauye ya ja wa kakarsa nata.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma Ya bar mu da ƙafafunmu har ƙarshe, amin.